Marigayi Yana Tsiyayar Shayi a Cheras

Ladan bai ƙarasa kiran assalatu ba muka bar gida, ni da Baba, da wata jaka da ya cika da kuka da daddawa kamar za mu ƙasar da ba a girki. Ga waɗanda ba su da labari, autanmu ya gama karatu a Malesiya, maimakon ya dawo sai ya buɗe gidan abinci. Baba bai ɓoye abin da zai kai shi ba. Tun a filin jirgin Kano ya ce mini, "Zuwa zan yi in taso shi a gaba. Ban tura shi karatu don ya tuƙa tuwo ba." Ni an haɗa mu ne don in riƙe fasfo, amma a zuciyata lauyar auta ce.

Bayan yada zango a wata ƙasar Larabawa, muka sauka Kuala Lumpur cikin zafi mai danƙo, irin wanda ke manna wa mutum riga a baya. Hanyar shiga gari sumul, gonakin kwakwar manja dama da hagu. Baba tsohon direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa tsakanin Kano da Ikko ya yi ta, saboda haka titi kawai yake kallo. Da ya ga ta hagu suke tuƙi sai ya washe baki, wai haka suka koya kafin a canza hannu. Jirgin ƙasan da ba shi da direba ne bai yafe wa ba, har muka sauka a Cheras, unguwar da auta yake, yana salati ƙasa-ƙasa.

Washegari auta ya kai mu kasuwar da ke wajen Masjid India. Yadudduka da hijabai ga su nan har ido ya gaji. Duk abin da na taya sai in mayar da kuɗin naira a zuciyata, nan take in ji sha'awar ta tafi. Mun ci shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa, da gyaɗa da ƙananan kifi. Baba ya ce abincin masu jinya ne, sannan ya nemi ƙari.

A wata rumfar riguna muka ga abin dariya. A jikin wata riga an zana wani tsohon shugaban Amurka mai doguwar hula, an sa masa baƙin tabarau an ɗora shi a babur. Wani kuma an ba shi damtsen 'yan dambe. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce "Hmm," ya wuce. Sai na ga auta ya yi tsuru-tsuru. Ya ja ni gefe.

"Yaya, akwai problem fa. Na mutu lah," in ji shi, har da "lah" ɗin da Malesiyawa ke liƙa wa ƙarshen magana.

Ga abin da ya faru. Akwai wani marigayi shugaban ƙasarmu da Baba yake ƙauna tun yana saurayi, hotonsa na kalanda yana zaurenmu tun kafin a haife ni. Don ya sanyaya zuciyar Baba, auta ya sa wani dattijo mai rubuta allunan shaguna ya zana masa Marigayi a bangon gidan abincin. Dattijon bai taɓa jin labarin mutumin ba, dishi-dishin hoto kawai aka nuna masa a waya, sai ya cike sauran da abin da ya sani. Ya sa wa Marigayi baƙar hular Malesiyawa, ya ɗaura masa zanin maza, ya ba shi kofuna biyu yana tsiyayo shayi daga sama kamar yadda masu shayinsu suke yi. A bayansa ga tagwayen dogayen benayen garin. Fuskar kuwa, in an matsa, za a ce ɗan kawunsa ne.

Na yi dariya har na riƙe ciki, daga baya tsoro ya kama ni. In Baba ya ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci, magana ta ƙare, auta sai gida.

Da muka je cin abincin rana, an rufe bangon da labule. Wurin ya burge ni. Ɗalibai da matan malamai suna ta shiga da fita, yaransu ana yi musu Hausa suna amsawa da Turanci, ga miyar kuka tana ƙamshi kamar a Fagge. Baba yana ci yana ƙirga kwastomomi da ido. Ana cikin haka wata Bamalesiya da ta saba zuwa ta shigo da ƙawayenta, ta ce wa auta, "Boleh?", wato ko an yarda, kuma ba ta jira amsa ba ta yaye labulen don su ɗauki hoto.

Na ajiye lomar da ke hannuna. Baba ya wanke hannu, ya tashi, ya je gaban bangon ya harɗe hannuwa a baya.

"Baba, mistake ne, wallahi gobe zan sa a goge," in ji auta.

Sai muka ga kafaɗun Baba suna rawa. Dariya yake yi.

"Kai me ka sani? A zanen bayan motata, Marigayi kokawa yake yi da zaki, kuma yatsu shida mai fentin ya yi masa. Har Ikko ana ɗaga masa hannu." Ya goge ido da bakin rigarsa, muryarsa ta sauya. "Na ɗauka in mu da muka san shi muka tafi, shi ke nan."

"To ko hular a gyara, Baba?"

"Bar masa hularsa. Ya samu wurin zama a nan. Kai ma zauna, amma kada Sallah ta wuce ban gan ka ba."

Auta ya durƙusa. Ni kuwa lauyar da ta taho tun daga Kano, kuka kawai na yi.

Mun dawo gida lafiya, jakar daddawa ta koma ta hijabai. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne ban san Baba kamar yadda nake taƙama ba, kuma ba kowa ne mutane suke wahalar zanawa a karkace ba, sai wanda ba sa so ya ɓace. Baba ya sa an wanko hoton bangon ya rataye kusa da kalandar. Duk wanda ya shigo zaure ya tambaya, sai ya gyara zama ya ce, "Marigayi ne. Yana Malesiya, tare suke sana'a da ɗana."