Famfon Da Ya Koyi Zuƙar Taubashina

A shekarun ƙarshe na aikina, ni ne shugaban ɗakin gwaje-gwaje na wata masana'antar haɗa magunguna a Bompai. Na yi karatuna a zamanin da malami kan sa ɗalibi ya sake wanke kwalba don ɗigon ruwa guda ya maƙale a jikinta, kuma da wannan tarbiyya na riƙe ɗakin har na bar shi. Abin da ma'auni bai faɗa ba, ban taɓa faɗarsa ba.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina, makanike a wata majema ta Challawa, mazaunin Panshekara. Tun muna samari yake shan sigari. Da tari ya ci ƙarfinsa, likita ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa ko dai ya bar taba, ko ƙirjinsa ya bar shi. Ya yi ta ƙoƙari yana komawa.

Wata ranar Asabar da hantsi ya shigo mini ofis da wani abu mai kama da alƙalami, wanda wani ɗan kasuwa ya zo masa da shi daga Sin. Taba ce mai batir. Ba ta da wuta, ba ta da toka. In an zuƙa sai kanta ya yi ja, tururi ya fito. A lokacin ban san wanda ya taɓa ganin irinta a Kano ba.

Ya ce, "Bawana, tun watan jiya ban taɓa kara ba. Wannan nake sha. Auna mini ita, ka ga ko akwai abin a ciki."

Na ce, "Bawa ba ya aiken ubangijinsa. Wane abin?"

"Wanda kuke kira nikotin, mai hana mutum barin taba. Ko bokon naka na wankin kwalba ne kawai?"

Ba mu da injin da aka ƙera don wannan aiki, don haka na haɗa nawa. Na ɗauko ƙaramin famfo mai jan iska, na haɗa shi da tiyo, na sa farin faifan tacewa a tsakaninsa da bakin tabar. Famfo zai zuƙa, tururi ya maƙale a faifan, a wanke faifan da sinadari, a zuba ruwan a na'urar da ke zana tudu a takarda. Tsayin tudun shi ne yawan nikotin.

Sai dai akwai sharaɗi. Littattafanmu sun tsara zuƙa gajera mai ladabi, wadda babu mashayin da ke yin irinta. Ni kuwa abin da ke shiga ƙirjin wannan mutum nake son sani. Saboda haka na zaunar da shi, na ce ya sha yadda ya saba, ina saurare. Yakan ja doguwa, sai numfashin ya sarƙe a tsakiya kamar an taka tiyo, ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙarasa da ƙyar. Shi da kansa ya goge wani faifan tagulla da zarto, ya yi masa gurbi daidai wurin sarƙewar, muka ɗaura a kan famfon. Da muka kunna, sai ga injin yana ja, yana sarƙewa, yana ƙarasawa.

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce, "To, ga magajina nan. Shi ma a kai shi wajen likita."

Na maimaita gwajin har na gamsu. A zuƙar farko tudun yakan ɗan tashi. Da batirin ya fara sanyi sai ya kwanta, ya kusa zama layi miƙaƙƙe. In aka kwatanta da karan sigarinsa, wanda na sa famfon ya sha shi ma, abin da tabar ke bayarwa bai taka kara ya karya ba.

Da ya dawo, na shimfiɗa masa takardun biyu, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya daɗe yana kallon ƙaramin tudun.

Ya ce, "Ashe tururi nake sha, kamar mai mura."

Na ce, "Amma ai ya riƙe ka. Ka ci gaba da shi."

"Da ya riƙe ni, ban sani ba ne. Yanzu kuwa malam ya karantar da ni."

Ya bar tabar a kan teburina. Ta taga na hango shi a bakin ƙofar masana'anta, ya tsaya wajen mai tireda. Bai kai damina ta biyu ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Gwajin daidai yake. Da za a sake kawo mini shi yau, sakamakon da zan bayar ke nan.

Bayan rasuwarsa aiki ya yi ta ja da baya saboda rashin wuta, kamar yadda ya faru ga maƙwabtanmu a Sharada da Challawa, har aka sanar da rufe masana'antar. Ranar da muke kwashe kaya, da la'asar, ɗakin ya zama fayau, ba janareto, ba motsin kowa. Ina naɗe tiyo sai aka kawo wuta ba zato. Ashe makunnin famfon a kunne yake tun wani lokaci. Daga bayana na ji an ja doguwar zuƙa, ta sarƙe, aka yi shiru. Na tsaya da tiyo a hannu ina jiran tarin da ke biyo baya. Aka ƙarasa zuƙar, aka sake farawa.

Ban iya juyawa na kashe shi ba, sai da wutar ta ɗauke da kanta.

Na kwance faifan tagullar na taho da shi gidana a Hotoro. Yana cikin aljihun tebur, tare da tabarauna. Wani lokaci in na sa hannu ina laluben tabarau, yatsana yakan faɗa cikin gurbin nan, sai in tarar ni ma na riƙe numfashina.