Yadda Muka Je Maiduguri Karɓo Lasin Baba

Tashi daga Potiskum

Ranar Litinin tun kafin kiran asuba Inna ta tashe ni. Ta riga ta ɗaure mini kaya: zane biyu, man shafawa, da ƙullin daddawa da kuka na Gwaggo Yagana, ƙanwar Baba da ke aure a Maiduguri. Baba yana tsakar gida yana goge takalmin da ya yi wata uku a ƙarƙashin gado.

Ga wadda ba ta san dalilin tafiyar ba, Babana direban babbar mota ne, ya fi shekara ashirin yana jan motar wani Alhaji na unguwar Bolewa. Bana da aka ce kowa ya bar hannun hagu ya koma tuƙi ta dama, ya fara lafiya lau. Wata safiya ya tsaya sallah a bakin hanya kusa da Damagum. Da ya koma mota, hanya ba kowa, sai hannunsa ya kai shi hagu inda ya saba. Wata ƙaramar mota ta ɓullo, mai ita ya kauce ya faɗa rami. Ba wanda ya ji ciwo, amma majistare ya karɓe lasin Baba na wata uku, ya ce ba za a mayar masa ba sai ya je Maiduguri an sake gwada shi kamar sabon shiga. Alhaji ya ba Bukar, yaron motar Baba, riƙon motar. Ya ce in Baba ya ci gwaji ya karɓi abarsa, in ya faɗi shi ke nan.

Ni an ce zan je ganin Gwaggo ne tunda muna hutu. Amma na ji lokacin da Baba ya gaya wa Inna cewa in ya faɗi ba zai dawo ya zauna a tasha ana nuna shi da baki ba, ƙasar Cadi zai wuce neman aiki. Washegari Inna ta ce sai an tafi da ni. Da muka zo zaure ta gyara mini ɗankwali, ta ce a hankali, “Falmata, kada ki yarda ya bar ki wurin Yagana. Ƙafarki ƙafarsa har gida.”

Mun yi sallah a tasha, muka tashi wajen ƙarfe shida saura. Motar cike take da buhunan gero, fasinjoji a kai. Bukar na kan sitiyari, ni a tsakiya, Baba a bakin ƙofa.

Mamudo zuwa Damagum

Damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsawo a gonakin Mamudo. Amma ni ƙafar Baba nake kallo. Duk lokacin da akuya ta gitta sai ya danna ƙasan motar da ƙarfi, alhali ba birki a gefensa.

Bukar ya ce, “Maigida, a hankali, za ka huda mini mota.”

“Motarka? Kai da na tsinto a tasha kana tallan rake? Sa giya ta uku, ba ka jin tana kuka?”

“Fasinja ba ya koya wa direba aiki.”

Baba ya yi dariya kaɗan. Gab da Damagum dariyar ta ɗauke. Ya nuna mini wata tsamiya, ya ce, “Uwata, nan ne.” Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Can ya ce, “Shekara ashirin ina zaune ta tsakiyar hanya, mu haɗu da direba mu miƙa wa juna goro ta taga. Yanzu hanya ta juya, sitiyari bai juya ba. An mayar da direba gefen ciyawa kamar tunkiya.”

Damaturu

Mun shiga Damaturu da hantsi. A shingen ’yan sanda Bukar ya miƙa lasinsa, sabo fil. Ɗan sandan ya leƙo, ya ga Baba, ya washe baki.

“A’a! Baba Modu! Yau kai ne fasinja? Ka dai biya kuɗin mota ko?”

Mutanen da ke kan kaya suka yi dariya. Baba ya ce, “Allah ya ba da sa’a, Kofur.” Na ga ya cire hularsa ja, ya duba cikinta, ya mayar.

A tasha ya saya mini masa da miya na sule ɗaya. Nasa kwanon ya tura wa Bukar bai ci rabi ba. Daga nan ruwan sama ya tare mu a Ngamdu, aka tsaya aka ja tamfol kan gero. Muka yi azahar a Benishek, inda na ga mata da kitso irin na Barebari, ya tashi gaba kamar ƙahon rago. Na so in tambayi yadda ake yinsa, kunya ta hana ni.

Maiduguri

Da la’asar muka shiga. Abin da na fara gani itatuwan dalbejiya ne a jere, hagu da dama, har inuwarsu ta haɗe a sama. Bukar ya wuce kasuwa sauke kaya, mu muka taka zuwa gidan Gwaggo.

“Wushe, wushe! Yaya, wannan ce Falmata? Ta yi tsawo, amma har yanzu ba baki!” Ta kawo mana ruwa mai ƙamshin turare, sannan biski da miyar kuka. Muna cikin ci ta ce, “Yaya, ka bar mini ita ta ƙarasa hutu a nan. In an kusa komawa makaranta sai in sa ta a mota.”

Baba ya ce, “To, haka ma ya yi.”

Ban taɓa sa baki a maganar manya ba. Na kalli tabarma na ce, “Ni da Baba zan koma.”

Gwaggo ta ce, “Iye! Ashe tana magana!”

Na sake cewa, “Inna ta ce tare za mu koma.”

Baba ya ajiye cokali ya dube ni. Sannan ya ce, “Uwarki dai, Allah ya bar mu da ita.” Ni dai ban san ko ya yarda ba.

Filin gwaji

Talata da sassafe muka je. Fili ne babba a bayan gari, an jera durom-durom, motoci a layi. Jami’in gwajin, wanda direbobi ke kira Bi’ai’o, siriri ne mai farin kaya da tabarau. Baba ya zaunar da ni gindin dalbejiya kusa da wata tsohuwa mai tuyar ƙosai, ya ce kada in motsa.

Tsohuwar ta ce, “’Yar nan, wa kika rako?”

Na nuna mata Baba.

“Mai jar hula? To in koya miki. Ba sai kin tambayi kowa ba. In mota ta dawo, dubi wanda ke kan sitiyari. In wanda ya fita da ita ne, ya ci. In kin ga yaron mota ya karɓa, an sauke shi a hanya ke nan. Tun da aka juya hannu tsofaffin direbobi suka fi zuba, yara ne ke wucewa.”

Da ma ba ta faɗi na ƙarshen ba. Mota ta farko ta dawo da mai ita. Ta biyu kuwa yaro ne ya dawo da ita, dattijon da ya fita da ita ya sauko daga baya, ya wuce ta gabanmu bai ɗauki butar da ya ba tsohuwar ajiya ba.

Aka kira Baba. Ya zagaya motarmu da Bukar ya kawo, ya bubbuga tayoyi, ya hau. Na ga yadda ya gyara madubin da Bukar ya karkatar. Ya bi tsakanin durom da baya bai taɓa ko ɗaya ba. Sannan Bi’ai’o ya shiga gaba, Bukar ya haye bodi, suka fita ƙofa suka ɓace.

Ban san tsawon lokacin da suka yi ba. Na dai ga inuwar ta janye daga ƙafata, tsohuwar ta ƙarar da ƙullunta ta fara wanke kasko. Ta ba ni ƙosai biyu kyauta, na riƙe su har suka huce. Ina ta tunanin abin da zan ce wa Inna.

Sai na ji kukan injinmu. Motar ta karyo kwana, rana na haska gilashi, ba na ganin kowa. Na tashi tsaye. Ta matso, ta shiga inuwar itace, sai ga jar hula a gefen sitiyari. Bukar kuwa yana kan bodi, ya cire riga yana kaɗawa.

Tsohuwar ta rangaɗa guɗa. Ni da ko a aji ba a jin muryata, sai ga ni a tsakiyar fili ina ihu, “Baba ne! Baba ne!”

Bayan azahar aka miƙo masa lasinsa ta taga. Ya karɓa da hannu biyu.

Hanyar gida

Laraba da asuba muka ɗauko hanya da lodin bandar kifi, wadda warinta bai bar zanena ba har yau. Bukar ya miƙa makulli ya ce, “Ga amanarka, Maigida. Ni ma bayana ya huta.” Amma na ga ya shafa sitiyarin kafin ya matsa.

Sai da muka wuce Auno Baba ya ba ni labarin gwajin.

“Mutumin nan ya san aikinsa, Uwata. Shataletale, kasuwa, gada, duk na wuce bai ce uffan ba. Da muka fita bayan gari, ba mota ba keke, sai ya ce in tsallaka hagu in tsaya wurin wani mai goro. Ya saya, ya ɓara ya ba ni, ya kama tambayata kuɗin shanu a kasuwar Potiskum. Muka yi ta hira har na manta gwaji ake. Sai ya ce, ‘To, mu tafi.’ Na tayar, na sa giya, mota ta fara mirginawa nan inda take.”

Bukar ya ce, “Ni a sama har na fara salati!”

“Sai na duba tagata. Kwalta na gani shimfiɗe, ba ciyawa. Na duba gaba da baya, na tsallaka dama a hankali, sai da na ji ciyawa na shafar taya. Ya cire tabarau ya ce, ‘Malam, a nan wurin nake sauke sa’o’inka.’”

A shingen Damaturu Baba ya fito da lasin tun kafin mota ta tsaya. Sai muka tarar an canja masu aiki, wani yaro ne da bai san shi ba. Ya ɗaga mana hannu mu wuce. Baba ya ce, “A’a, ɗana, duba dai. Aikinka ne.” Dole yaron ya duba, Bukar na dariya har da hawaye.

Mun shigo Potiskum da la’asar, ranar kasuwar shanu, tasha cike da direbobi. Wani ya hango wanda ke tuƙi ya yi kururuwa, nan da nan aka kewaye motar ana dukan ƙofa. Alhaji ya zo da kansa. Baba ya gaishe shi, ya ce a gaban kowa, “Alhaji, yaron nan ya riƙe mota da amana. In ka sayi wata, ga direba.”

Kafin a sauke kifi ya ce sai ya kai ni gida. Babbar mota ba ta shiga lungunmu na Dogo Nini, don haka ya tsaya a bakin hanya ya danna ham, dogo, sau uku. Yara suka fito da gudu. Inna, wadda ba ta leƙa waje da rana, ta fito har ƙofar zaure da muciya a hannu, mayafi a karkace. Ta dubi motar, ta dubi wanda ke cikinta, sannan ta ce da ni, “To me kike jira? Sauko ki hura mini wuta, yau da baƙi za mu ci tuwo.”

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu mu duka. Ina gode wa Gwaggo Yagana da Bukar, da tsohuwa mai ƙosai wadda kunya ta hana ni tambayar sunanta.