Ranar da Malam Ya Kai Kasko Zaure

Ni ban iya rubutu ba. Jikata ce take rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce mata ko na yi kuka kada ta ajiye biro.

Mijina, Allah ya jiƙansa, fentin gadaje da kujeru ne sana'arsa, a zauren gidanmu na Mandawari. Akwai wani ruwa da suke ce wa tina, fari tas kamar na sha, da shi ake tsinka fenti, da shi yake wanke hannu in ya tashi. Warinsa har tsakar gida. Ya san abin yana cin wuta. Ko mai shan sigari ne ya tsaya a ƙofa sai ya ce, "Kai, matsa can, so kake ka mai da ni tsire?"

To mu asalinmu Barno ne, ba ma karɓar baƙo ba turaren wuta. Wata rana bayan la'asar aka aiko cewa surukinmu, uban mijin 'yarmu, yana tafe daga Shahuci. Malam ya tura galan-galan ɗin tina jikin bango, ya shimfiɗa tabarma, ya shigo ciki.

Ya ce, "Hajiya, miƙo min kaskon nan, mutum ba zai zauna cikin warin nan ba."

Na ce, "Malam, ko rigar aiki ba ka canza ba."

Ya yi dariya. "Ai ba zance za ni ba."

A saninsa sai wuta ta taɓa ruwan yake kamawa. Daga baya aka gaya mana tururinsa kaɗai ya isa, yana kwanciya ƙasa-ƙasa a wurin da iska ba ta ratsawa, ga hannun rigarsa a jiƙe da shi. Da ya kai zaure ya durƙusa ya ajiye kaskon, ya hura garwashin.

Ƙarar kawai na ji, buf, sai salatinsa. Na fito ba mayafi. Ya riga ya faɗa lungu da gudu, gudun yana ƙara hura wutar, har wani maƙwabci ya kayar da shi ya lulluɓe shi da bargo. Wuta ta mutu, Malam yana numfashi, yana kiran Allah. Na yi zaton an tsira.

Ga mai ruwa nan tsaye da kurarsa cike da jarkoki, zai fara kwara masa, dattawa suka daka masa tsawa. "Kar ka soma! Ƙunar za ta ɗuri ruwa!" Wata ta kawo manja, wani ya fasa ƙwai, wani ya matse makilin. Rigar yadin roba ce, ta narke ta manne a ƙirjinsa, wani ya kama ya fizge don ya taimaka, fata ta biyo. Kowa alheri ya nufa. Mota ba ta shiga lungunmu, a baro aka tura shi bakin titi.

A asibiti wata nas ta dube shi ta ce, "Mama, wa ya shafa masa wannan?"

Na ce, "Duk unguwa, 'yar nan."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ruwa mai tsabta ake ta zubawa a kan ƙuna har zafin ya fita daga tsoka, ba a cire abin da ya manne, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a taho. Manja kuwa riƙe zafi yake, ya kuma ja ƙazanta. Sai da suka kankare manjan nan duka kafin su sa magani. Ina waje ina jin muryarsa. Duk zamanmu ban taɓa jin ya yi kuka ba sai ranar.

Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne, "An ba baƙon nan ruwa kuwa?"

Ya yi kwanaki muna sa rai. Sannan ciwon ya fara wari, zazzaɓi ya rufe shi, ya daina gane ni. Ranar wata Laraba da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Da aka zo yi masa sutura, malamin da ya wanke shi ya ce ba za a iya cuɗa jikin ba. Ruwa kawai aka zuba masa a hankali, aka naɗe shi.