Sha'aibu Mai Zane da Fadamar Achika

Duk wanda ya saba bin hanyar Wudil ya san rumfar Sha'aibu, ko da bai san sunan mai ita ba. Tana nan kusa da gada, tsakanin mai faci da masu soya kifi. A jikin bangonta ake jingine alluna: kogi da hantsi, gonar rake, giginyu uku a bakin ruwa. Mai rumfar siriri ne, ya haura hamsin, gemunsa ya fara furfura, kuma ko ranar Sallah ba a raba ƙasan farcensa da fenti.

Ɗan masunta ne. Mahaifinsa ya so ya gaje shi, amma ruwa bai karɓe shi ba, da ya shiga kwale-kwale sai jiri. Da aka gaji sai aka kai shi Kano wajen wani mai rubuta allunan shaguna da zanen bayan manyan motoci. Shekara tara ya yi a can. A nan ya koyi haɗa launi, ya san fentin mai, wanda ke ɗaukar kwanaki kafin ya bushe amma ya fi kowane fenti riƙe haske. A nan kuma ya koyi rashin yarda da mutane. Wata rana ya shiga wani otal kai saƙo, sai ya ga zanen kogin garinsu da ya yi wata biyu yana yi a rataye a bango, da sunan maigidansa a ƙasa. Ya haɗa burusansa ya dawo Wudil.

Tun yana saurayi wani malami ya ja masa kunne a kan zana abu mai rai, shi kuwa ya riƙe. Don haka ba mutum a zanensa, ba saniya, ko tsuntsu babu. Kwale-kwalensa kullum a ɗaure yake ba kowa a ciki. Malaman jami'a na saye, matafiya masu wucewa gabas na saye, da haka ya yi aure ya gina ɗaki biyu.

Amma mutanen gari ba su taɓa sakin jiki da sana'ar ba. Mutum ya zauna tun safe yana ƙare wa gada kallo yana rubuce-rubuce, me yake nema? A shekarun da hankali ya tashi a Arewa, sau biyu ana kama shi a bakin kogi, sai da mai unguwarsu ya je ya karɓo shi. Shi ma bai bar kowa ba. In ka ɗaga waya za ka ɗauki hoton allonsa, sai ya kife shi. In ka yaba da yawa, sai ya fara tunanin abin da kake nufi. Matarsa Rabi takan ce, “Malam, kai da garin nan kun dace. Suna zarginka, kana zarginsu, an yi canjaras.”

Bayan damina ta ɗauke, shekara uku da suka wuce, wata mota mai baƙin gilashi ta tsaya a gaban rumfar. Wani matashi ya fito cikin farar shadda, ƙamshin turarensa ya danne na kifi. Ya yi doguwar gaisuwa har da rusunawa, ya ce sunansa Mudassir.

“Baba, zane uku nake so, na fadamar wani ƙauye a Achika. Ka tsaya a kan tudu, wajen wata babbar ɗorawa, ka zano min har bakin ruwa. Ka sa ganyen ya yi shar, ruwan kuma ka ɗan faɗaɗa shi.”

Sha'aibu ya faɗi farashi, ya ƙara wani abu a kai don a rage. Mudassir bai nemi ragi ba. Wannan ne ya fara tsaya wa Sha'aibu a rai, domin a shekara ashirin bai taɓa ganin wanda ya sayi zane bai taya ba.

“Ina za ka rataye su?”

“A falona. Mahaifiyata 'yar can ce, Allah ya ji ƙanta.”

“Amin. 'Yar wane gida ce?”

Mudassir ya yi dariya, wayarsa ta yi ƙara, ya koma mota yana amsawa. Sha'aibu ya bi motar da kallo har ta haye gada. Da ya faɗa wa Rabi, sai ta ce, “Wanda ya taya ka ce ya raina ka, wanda bai taya ba ka ce da wata a ƙasa. To wane kake so?”

Ya karɓi aikin. Kullum da sassafe yakan ɗaure katakon da yake jingina zane da ƙyallen zanen a bayan babur ya nufi Achika. A rana ta biyu, yana tsaye ya miƙa hannu da burushi, ya rufe ido ɗaya yana gwada tsawon ɗorawar da faɗin fadamar, sai ya ji gyaran murya a bayansa. Wani dattijo ne riƙe da fartanya, ƙafafunsa duk taɓo. Isyaku sunansa, albasa yake nomawa a fadamar tun kafin a haifi Sha'aibu.

Bayan sun gaisa, Isyaku ya ce, “Malam, me ake aunawa?”

“Ba awo ba ne, Baba. Zane nake yi.”

“Na ga masu awon titi, haka suke rufe ido ɗaya. Wa ya aiko ka?”

“Wani ne ya ce mahaifiyarsa 'yar nan ce.”

“Wace ce?”

Sha'aibu ya ce bai san sunanta ba. Isyaku ya matso ya leƙa ƙyallen, ya daɗe yana kallo. Ya gane rijiyarsa, ya gane kunyoyin albasar ƙaninsa, ya gane hanyar shanu.

“To ina mu? Mu fiye da goma muna aiki a ƙasan nan tun asuba. Ka zana gonakinmu kamar masu su sun mutu.”

Sha'aibu ya yi masa bayanin abin da malami ya faɗa masa game da zana mai rai. Isyaku ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar wanda ya ji amma bai ajiye makaminsa ba. Daga ranar, duk sanda Sha'aibu ya zo sai ya tarar da wani zaune a gindin ɗorawar yana gyaran fartanyar da ba abin da ya same ta. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya miƙa masa ruwa. Ya gama cikin sati biyar, Mudassir ya aiko direba ya kwashe.

Wata biyu bayan nan, Malama Tabita ta zo rumfar. Malamar jami'a ce, 'yar Gombe, ta taɓa sayen zanen kogi ta kai wa iyayenta. Ba ta zauna ba. Ta ciro wata takarda mai sheƙi daga jaka ta miƙa masa.

“Malam Sha'aibu, wannan ba hannunka ba ne? Ana ta raba mana ita a wurin aiki.”

Tallar filaye ce. Wani kamfani da bai taɓa jin sunansa ba yana sayar da filayen gini a bakin ruwa, ga iska, ga shiru. A tsakiyar takardar ga fadamar Achika kamar yadda ya zana ta, ganye shar, ruwa mai faɗi, ba kowa a ciki. An ja mata fararen layuka an yanka ta gida-gida, kowane yanki da lamba. Rijiyar Isyaku ta faɗa a lamba goma sha bakwai. An yanke gefen da sunan Sha'aibu yake.

Ya kira lambar Mudassir, a kashe. Ya sake kira, a kashe. Ya zauna a kan benci da takardar a hannu. Abin da ya fi ci masa rai shi ne tun ranar farko zuciyarsa ta faɗa masa, ya kuma take ta.

Rabi ta ce kada ya kuskura ya je Achika. “Sunanka ba ya jiki. Ka yi shiru abinka. In ka je, kai za su fara kamawa, don kai suka gani da ido.”

“Don sun gan ni ne zan je. In takardar nan ta riga ni isa, ba mai sauraro na har abada.”

Washegari da hantsi ya isa ƙofar gidan mai unguwar ƙauyen, ya cire takalmi ya gaishe shi, ya ajiye takardar a kan tabarma. Kafin a jima wurin ya cika. Takardar na yawo hannu zuwa hannu, kowa na neman gonarsa. Wani matashi ya ce a ɗaure mai zanen tukuna, sannan a yi magana. Isyaku ya ɗaga hannu aka yi shiru.

“Na tambaye ka wa ya aiko ka, ka ce ɗan 'yar garin nan. Yanzu ka kawo mana wannan. Ta yaya za mu san ba su ne suka sake turo ka ka ga yadda za mu ɗauki abin ba?”

“Ba yadda za ku sani, Baba. Ni ma ba ni da shaida sai kaina da na kawo. Ku tashi mu je gaban hukuma tare, in an riƙe ni a riƙe.”

Haka aka yi. Bincike ya nuna ba manomin da ya sayar da ko taku ɗaya, kamfanin kuma ba shi da ofis sai a takarda. Wasu ma'aikata sun riga sun afka sun biya kuɗin filayen, Mudassir kuwa ko ƙurarsa ba a gani ba. Kwana uku Sha'aibu yana zarya ofishin 'yan sanda yana amsa tambaya ɗaya: in ba ka cikin su, me ya sa ka faɗaɗa ruwan? Sai da Malama Tabita ta je da kanta ta ba da shaidar cewa ita ta kawo masa takardar, ta kuma ga yadda fuskarsa ta yi, sannan aka sallame shi. Gonaki suka tsira. A Achika kuwa aka rabu biyu: wasu na cewa shi ya cece su, wasu na cewa rabo ne bai yi masa daɗi ba ya tona.

Ya shekara bai taka can ba. Ya koma zanen kogi da gonakin Kausani, kuma ba ya kafa katakonsa a gonar kowa sai ya nemi mai ita ya gaishe shi.

Wata Juma'a, ranar kasuwa, sai ga Isyaku a rumfar. Ya bi allunan ɗaya bayan ɗaya yana dubawa, har na bayan benci sai da ya juya. Da bai ga fadamarsu ba, ya zauna.

“Malam Sha'aibu, gonata nake so ka zana min in ajiye a ɗaka. Ko bayan raina yara su san iyakarsu. Ka sa iyakar ta ɗan wuce rijiya, wajen taku huɗu.”

Sha'aibu ya ajiye burushi a gwangwanin kananzir. “Baba, bayan rijiya ba albasar ƙaninka ba ce?”

“Magana ce ta cikin gida.”

“To zan zo ranar Litinin. Amma ka kira shi ya tsaya, ka tsaya, abin da idona ya gani shi zan zana.”

Isyaku ya dube shi, shi ma ya dube shi. Dattijon ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya ce zai yi shawara. Bai aiko ranar Litinin ba. Amma da aka cire albasa, wani mai babur ya sauke rabin buhu a ƙofar rumfar ya ce daga Achika, in ji Isyaku. Sha'aibu ya zazzage buhun a ƙasa ya duba har ƙasansa, bai ga komai ba sai albasa, sannan ya kai wa Rabi.