Kofin Gilas a Teburin Ɗantsoho

Idan ka bi ta bayan tashar Daura da la'asar sakaliya ka ga wani siririn mutum yana zagaya teburin shayi kamar tururuwa ta shiga masa wando, to Ɗantsoho ke nan. Shayinsa ba wani abin a zo a gani ba ne, wallahi wani lokacin ruwan zafi ne aka nuna wa ganye daga nesa. Amma duk ɗan darar da ya isa a garin nan, a gindin darbejiyar da ke gefen teburinsa yake haƙa gurbi.

Da can da kuɗi ake buga darar. Da Shari'a ta zo aka hana caca, sai wasan ya yi lami, mutane na tura kara da tsakuwa suna hamma. Ana nan wani malamin makaranta ya ba Ɗantsoho labari cewa masu darar Turawa suna da ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya, ana ba kowa maki, a buga a takarda, kowa ya san wanda ya fi shi. Ɗantsoho ya kasa cin tuwo saboda maganar nan. Shi bai iya dara ba, ko yaron goye zai cinye shi, amma ya ga inda zai yi sarauta.

Sai ya jera kofunansa. Gwanin gwanaye shi ke shan shayi a kofin gilas mai hannu. Na biyu tangaran, na uku silba, daga nan kofunan roba kala-kala, har a gangaro kan na ƙarshe, wanda ake zuba wa a gwangwanin madara. Ka ƙalubalanci wanda ke samanka, ka cinye shi, ku yi musayar kofi a gaban jama'a, kuma Ɗantsoho ne ke miƙawa da hannunsa. Ka ga dattijo mai jikoki yana ɓoye gwangwani a hannun riga kamar ya saci kaza! Akwai wanda ya bar shan shayi gaba ɗaya, wai likita ne ya hana shi, alhali duk mun san koren kofi aka ƙwace masa.

Abin da ya sa ake yarda da Ɗantsoho, ba ya sani ba ya sabo. Ya taɓa sauke aminin da suka yi kaciya tare daga silba zuwa roba, yana miƙa masa yana hawaye, amma ya miƙa.

To, mai kofin gilas tun farkon tsarin shi ne Malam Ikrima. Kuma ƙaddara ta sa Ɗantsoho ya je ya auri 'yarsa, Talatu. Tun daga nan Malam ya rage zuwa saboda surukuta, sai ranar Juma'a. Da an hango rawaninsa, Ɗantsoho zai tuɓe takalmi ya zube ƙasa.

"Barka da yamma, Baba."

"Yauwa. Ya iyali?"

Iyakar hirarsu ke nan duk shekara. Ya zuba shayi a gilas, ya miƙa da hannu biyu yana kallon tushen darbejiya, ya koma bayan tukunya ya maƙale. Masu tangaran da silba kuwa duk yaran Malam ne, shi ya koya musu, babu mai iya buɗe baki ya ƙalubalance shi. Gilas ya zama kamar gado.

Sai ga Kabo, wani dillalin shanu daga garin Babban Mutum, ƙato, muryarsa kamar ana jan buhu a kan kwano. Ya fara da gwangwani yana dariya. Kafin a girbe gero ya tattake robobin nan kaf, ya ɗauke silba, ya ɗauke tangaran. Shi bai san wata kunya ba, ba a garin ya tashi ba. Ranar wata Juma'a ya tsuguna gaban Malam ya ce, "Allah gafarta Malam, a ɗan taɓa mana mu samu albarka."

Ɗantsoho ya saki ludayi cikin tukunya.

Aka share ƙasa aka haƙa gurabe. 'Yan acaɓa suka kashe mashina, mai rake ya bar rakensa. Ɗantsoho kuwa ya je famfo ya dawo ba bokiti, ya hura wutar da ke ci, ya yanka burodin da ba wanda ya saya, har ya zuba wa wani sikari a cikin ƙwai. Ba a jima ba Kabo ya kwashe 'ya'yan darar Malam tas, kamar kaza ta samu tsaba.

Kowa ya juyo ya dubi Ɗantsoho. Munzali mai faci, wanda bakinsa ba ya da birki, ya ce, "To Sarkin Kofi, a zubo shayi mana. Maƙogwaro ya bushe."

"Ruwan bai tafasa ba."

"Tukunyar da ke neman tashi sama?"

"Madara ta ƙare."

"Ga katan nan ƙarƙashin tebur, ko na haya ne?" Munzali ya matso ya rage murya, irin ragewar da har 'yan cikin tasha sun ji. "Ka ji, idan gilas ya koma inda ya saba, gobe duk teburin Auta za mu koma. Shi ma yana da kofuna, kuma ba ya auren 'yar kowa."

Auta mai shayi na tsallaken titi, har ya fara goge benci.

Ɗantsoho ya ɗauki gilas ya ajiye. Ya ɗauki tangaran ya ajiye. Ya wanke su, ya sake wankewa, har gilas ya fara ƙara. Gumi ya jiƙa masa riga sai ka ce daga rijiya aka tsamo shi. Malam Ikrima na zaune yana jan carbi.

Can dai ya zuba. Ya tafi da rarrafe, rarrafe na gaske, gwiwa a ƙasa, kofi a kowane hannu. Ya dire gilas gaban Kabo. Ya juyar da kai har wuyansa ya yi ƙara, ya tura tangaran wajen surukinsa.

"Baba... a yi haƙuri... tsari ne."

Malam ya dubi kofin ya daɗe. Ya ɗauka ya kurɓa.

"Wannan ya fi riƙe zafi," in ji shi. Ya dubi Kabo. "Gobe ma kana gari?"

Jama'a suka ɗauki kabbara, Auta ya mayar da tsummansa aljihu. Ɗantsoho ya tsira da teburinsa, har masu zuwa suka ƙaru, don labari ya kai Baure cewa akwai mai shayin da ya sauke surukinsa.

Sai dai Malam ya ɗanɗana wasa ya tuna daɗinsa. Yanzu kullum yana nan, kuma da yaransa suka ga ashe ana iya cinye shi, kunya ta gudu. Mai silba ya karɓe tangaran. Mai jan kofi ya karɓe silba. Malam na gangarowa kamar guga ya tsinke, kuma kowane saukowa sai Ɗantsoho ya yi rarrafen nan, har wandunansa duk sun huje a gwiwa.

Talatu ta tare shi a zaure ta ce, "Maigida, na ji Baba ya kai shuɗin roba. Ni ban hana ka aikinka ba. Amma ranar da ubana ya sha shayi a gwangwani, ka nemi mai dafa maka tuwo a tasha."

Shi ya sa Ɗantsoho ya karaɗe unguwanni yana cigiyar wanda ya fi kowa rashin iya dara a ƙasar Daura, har ya samo Nagoggo mai gyaran fitila, mutumin da ke tambaya ko shi ne kara ko tsakuwa bayan an kusa gama wasa. Ya damƙa masa gwangwani, shayi kyauta, burodi har da bota, don dai gindin layi ya kasance da mai shi. Ko tari Nagoggo ya yi, Ɗantsoho ne ke rugawa kemis.

Shekaranjiya aka ga Nagoggo a bayan masallaci ya haƙa gurabe, Munzali na tsugune yana koya masa. Ɗantsoho ya bar madara a wuta ya bi su da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.