Gudu a fim da gudu a rediyo

Lokacin da nake koyar da adabi a wata sakandare a Isa, akwai tsohon wasan kwaikwayo da muke karantawa, na wani gari da yaƙi ya ci. Na samo shi iri biyu, na fim da na rediyo, na kunna su a kwamfuta, na ce wa 'yan ajina mu kwatanta wurin da mutanen garin ke gudu.

A fim ɗin mata na ta kururuwa, hannu bisa kai. A na rediyon kuwa ba a jin komai sai takun ƙafa da haki. Na tsaya gaban allo ina ta yabon fim ɗin, wai shi ya nuna tashin hankali yadda yake.

Wata yarinya da ke zama kusa da taga ta ɗaga hannu. Iyayenta sun baro Gatawa bayan harin 'yan bindiga, kuma na san da haka.

Ta ce, "Malam, na rediyon ya fi gaskiya. In ana gudu ba a kuka. Da gyale innata ta toshe ma ƙanena baki har muka shige gonar dawa."

Kunya ta rufe ni. Da ƙyar na ce, "Na ji, ɗiyata." Na kashe kwamfutar, muka koma karatun littafin har aka kaɗa ƙararrawa.