Ƙaramar Wutar Gidan Orest

Orest Demkiw ya yi shekara talatin da huɗu yana shafa wa ƙafafun jiragen ƙasa mai a Winnipeg, ƙasar Kanada. Ɗan manoma ne, ya shigo birni da akwati ɗaya, ya auri Stefka, suka sayi gida mai ɗaki uku daura da nawa. Ni na riƙe 'yarsu Larisa a coci ranar baftismarta, shi ya sa har muka tsufa ba ma kiran juna da suna, sai dai "kum", yadda uban yaro da uban baftisma ke kiran juna a wurin mutanenmu. Mutum ne marar yawan magana. Ba ya makara wurin aiki, ba ya shan giya sai ranar biki, bai kuma taɓa yarda wani ya share masa dusar ƙanƙarar ƙofar gidansa ba.

Stefka ta rasu a watan Satumba na 1983. Bai yi kuka a maƙabarta ba. A gida ma bai yi ba, iyakar sanina.

Da sanyi ya kankama, murhun gas da ke ɗumama gidan daga ɗakin ƙasa ya fara ba shi wahala. Irin wannan murhu yana da ƙaramar wuta mai ci dare da rana, ita ke kunna babbar. Idan ta mutu, kwana ɗaya ya isa bututan ruwa su daskare su fashe. Ta Orest kuwa tana mutuwa sau biyu ko uku a mako. Ya kira wani kamfani, suka canza sandar tagullar da ke rufe gas idan wuta ta ɗauke. Bayan kwana huɗu ta sake mutuwa, suka dawo suka sake canza sandar. Ni da na yi shekara arba'in ina wannan gyara, ga gidana ga nasa, bai ce mini uffan ba.

Daga bakin Larisa na ji, ta waya daga Calgary, birnin da take zaune. Ta ce ta kawo masa ziyara ta iske shi zaune a kicin cikin rigar sanyi, gida kamar kabari, yana fama da ciwon kai da barcin rana, tana magana yana kallon bango. A ganinta hankalinsa ne ya soma gushewa. Za ta dawo bayan mako biyu, idan wutar ta ƙara mutuwa za ta tafi da shi, a sayar da gidan.

Da hantsi na ɗauki akwatin aikina na tsallaka.

"Kum, an ce ka koma kwana cikin firiji."

"Wa ya ce?"

"Wadda ka haifa. Tashi ka haska mini, idona ba na da ba ne."

"Hannunka ma ba na da ba ne. Kada ka tashi gidan da mu a ciki."

Babu ko murmushi a fuskarsa, amma ya ɗauki tocila ya biyo ni.

Na durƙusa na kunna ƙaramar wutar. Ta kama, sai dai rawaya ce, tana kwanciya gefe guda. Sandar sabuwa ce, babu abin da ya same ta. Na hura ƙofar da gas ke fitowa, a buɗe take. Sai na kunna sigari na riƙe ta a bakin bututun hayaƙi. Maimakon hayaƙin ya bi sama, sai ya dawo mini a fuska. Wuta tana bukatar iska. Idan gida ya hana ta, sai ta jawo ta bututun, wannan iskar ce ke hure ƙaramar wutar, ta kuma mayar wa mutanen gida da gurɓataccen hayaƙi. Nan na gane inda ciwon kan ya samo asali.

Kowa a unguwarmu yana liƙe tagoginsa da leda a watan Oktoba. Orest ya wuce nan. Ya toshe ƙarƙashin ƙofofi, ya toshe har ramin makulli. A bangon ɗakin ƙasa akwai wata 'yar ƙofar ƙarfe tun zamanin da ake zuba gawayi, ita ma ya cusa mata tsummoki, ya kafa katako a kai da ƙusa goma sha huɗu.

Na tambaye shi yaushe ya yi wannan. Ya ce a makon da aka binne matarsa. Stefka ce ke tokare ƙofar da rabin bulo, wai kwalaben kabejinta suna son sanyi, shi kuma ya yi shekara talatin yana ce mata titi take ɗumamawa. Da ta tafi, ya rasa abin da zai yi da hannunsa.

Na miƙa masa guduma. Shi ya cire ƙusoshin da kansa, yana miƙar da kowace yana sawa a aljihu. Sanyi ya kwararo mana a ƙafa. Wutar ta miƙe tsaye, shuɗiya. Muka tsaya muna kallonta.

A kan matakala ya roƙe ni kada in gaya wa Larisa cewa shi ya toshe. Na ce yarinyar da na riƙe a coci ba zan yi mata ƙarya ba.

Ta zo, ta kwana uku, kullum tana sauka ta duba. Ranar tafiyarta ta tare ni a bakin ƙofa.

"Baba, ka gaya mini gaskiya. Zai iya zama shi kaɗai?"

Na gaya mata duk abin da ya yi, har yawan ƙusoshin. Na ce a shekarun aikina na cire irin wannan katako a gidajen malaman makaranta da na likita guda, babu wanda aka ce ya zauce. Na ce ciwon kan ya tafi tun kwana biyu da buɗe ƙofar. Sauran abin da ke damunsa ba na murhu ba ne, Calgary ma ba za ta gyara shi ba.

Ta daɗe tana kallon mahaifinta ta taga. Sannan ta shiga ta fitar da kayansa daga akwatin da ta riga ta shirya, ta mayar da su cikin kabad. Orest ya rako ta har mota, ya tsaya har ta sha kwana. Daga nan ya juyo ya tambaye ni ko na ci abinci.